Takardar Inshorar da Kawu Hambali Ya Yanka

Gwaram, 9 ga Yuni

Zuwa ga Kawu Hambali,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar 'ya ga uba, da fatan kana lafiya, kai da Inna Kubra da duk mutanen gida. Yaya kunnen? Sau biyu na kira ka ranar Juma'a, ina ta ɗaga murya har maƙwabta suka leƙo, kai kuwa tambaya kawai kake yi wa ke magana. Shi ya sa na koma takarda. Zan riƙa bai wa Ɗanladi direba, tunda kullum yana hanyar Birnin Kudu. Mu nan lafiya lau, sai dai damina ta kama, zazzaɓi ya fara kwantar da yara, asibiti ba masaka tsinke.

Kawu, lasisina ya fito. Motar da na saya kuma a bar ta can ƙofar gidanka har ka gama dubawa. Zumuncinmu ya ɗan yi nisa, kakata da mahaifiyarka 'ya'yan wa da ƙani ne, amma a duk danginmu babu wanda ya san mota kamarka, kuma babu wanda na yarda da shi a kanta sai kai.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne maganar inshora. Na je Dutse ofishin wani kamfani, na ce ina son cikakkiya, wadda za ta biya nawa ta biya na wanda na yi wa ɓarna. Ma'aikacin ya tambaye ni yaushe na fara tuƙi, na ce wata biyu. Ya tambayi hanyar da zan riƙa bi, na ce Gwaram zuwa Birnin Kudu. Sai ya gyara zama ya fara jero mini laifuffukan da ban yi ba: wai shanu na tsallaka titi, manyan motoci na gudu, ranar kasuwa babura na fitowa ta ko'ina, da damina ruwa na cin hanya, gidan da nake haya kuma ba shi da katangar da mota za ta kwana a ciki. Kowanne ya faɗa sai ya ƙara kuɗi, har ya tsaya a dubu ɗari biyu da sittin a shekara. Na tambaye shi ko ni na kiwata shanun. Bai ko yi murmushi ba, ya ce sabon hannu a shekarar farko ya fi yin haɗari. Shekarata goma sha ɗaya ina karɓar haihuwa ban taɓa yar da jariri ba, amma a wurinsa ni abar tsoro ce.

Ka san ba don ado na sayi motar nan ba. Bara wata mata ta yi awa uku a hannuna muna neman motar da za ta kai ta babban asibiti. Ba na son in sake ganin irin wannan.

Na turo maka kuɗin gaba ɗaya. Ka san harshen mutanen nan fiye da ni, ka yi magana da su ko za su sassauta. Ni dai wadda za ta rufa mini asiri a hanya nake so.

'Yarka,
Lailatu

*

Birnin Kudu, 16 ga Yuni

Zuwa ga 'yata Lailatu,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same mu lafiya, kuɗi ma sun shigo. Innarki na gaishe ki. Kunne yana nan yadda kika san shi, na dama ya yi ritaya kamar mai shi, na hagu ne ke ɗan taɓa aiki.

Na karanta abin da mutumin Dutse ya faɗa miki, har na kasa ƙarasa abincina. Wannan ai fashi ne da biro. Shekara talatin da ɗaya na yi ina riƙe da sitiyari, Kano zuwa Maiduguri, Maiduguri zuwa Kano, ban taɓa ganin ranar da inshora ta taka wa mutum birki ba. Suna zaune cikin sanyin ofis suna sayar wa talaka tsoro. Shanun da yake faɗa, tun kafin a haife shi muke wuce su.

Na fahimci abin da kike so: takardar da in an tsayar da ke a shinge za ki miƙa, a duba, a ce ki wuce. Wannan kuwa ba sai an je Dutse ba. Akwai Safiyanu a bakin tasha, shi yake yi wa duk direbobinmu, ni ma shekara da shekaru shi yake yi mini. Dubu biyar ya karɓa, ya buga mata hatimi, ta fito tsaf.

Sauran kuɗin na sa su inda za su yi miki amfani. Tayoyin motar nan duk sun suɗe kamar tafin hannu, birkin baya kuma suna ne kawai. Na sa Musaddiq makanike ya canza taya huɗu sababbi fil, ya gyara birki, ya sa fitilu masu haske. Ɗan abin da ya rage na zuba miki mai. Wannan ita ce inshorar gaskiya.

Gobe Musaddiq zai kawo miki motar. Zan ba Ɗanladi wannan wasiƙa yau don ta riga motar isowa. In tsarin bai yi miki ba, ki aiko mini kafin ki fara hawa babban titi.

Kawunki,
Hambali

*

Gwaram, 20 ga Yuni

Zuwa ga Kawu Hambali,

Assalamu alaikum. Da fatan kun tashi lafiya, kai da Inna. Mu ma alhamdulillahi.

Mota ta iso. Musaddiq ya ce ka ce an gama komai, takardu suna cikin aljihun gaba. Da na zagaya na ga tayoyin, sai da na tsaya na share ido. Kawu, na san halin da ake ciki, na san fansho ba ya kai kowa ƙarshen wata, amma ka yi mini wannan ɗawainiya. Allah ya saka maka da mafificin alheri, ya jiƙan magabata.

Yanzu hankalina ya kwanta ta wajen takarda. Jiya na je garin Sara na dawo ni kaɗai, sau ɗaya kawai ta mace mini a kan hawa. A gaida Inna, a ce mata da zarar hannuna ya faɗa ita zan fara ɗauka.

'Yarka,
Lailatu

*

Gwaram, 15 ga Agusta

Kawu Hambali,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ni jikina lafiya, sai ƙuje a goshi da ciwon kafaɗa. Na fara da wannan don kada Inna ta tayar da hankalinta.

Shekaranjiya da hantsi na ɗauko wata mai naƙuda, Zahara'u, da surukarta, za mu Birnin Kudu saboda jaririn ya zo a gicciye. Ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba, titi na santsi. Muna karya wata kwana sai ga garken shanu a tsakiyar hanya. Na taka birki na kauce hagu, ashe akwai mai babur yana tahowa da buhun taki a baya. Na buge shi. Sunansa Buba, manomi ne, magidanci mai 'ya'ya biyar. Ƙafarsa ta karye wuri biyu. Wata motar haya ta tsaya ta kwashe shi da Zahara'u. Ta haihu da la'asar, mace, suna lafiya.

Da jami'ai suka zo, zuciyata a dake take, don na san ina da cikakkiyar inshora. Har na ce wa 'yan uwan Buba kada su damu, kamfani zai ɗauki nauyin komai. A gaban jama'a na faɗi haka, Kawu. Na buɗe aljihun mota na miƙa takarda. Jami'in ya danna lambarta a wayarsa, ya sake dannawa, sannan ya dube ni ya ce, "Hajiya, wannan takarda ba ta da uwa ba ta da uba. Wa ya ba ki ita?"

Na rantse masa kuskure ne, na ce kawuna ne ya yanko ta da hannunsa. Suka tafi da motar.

Jiya na tare Ɗanladi a tasha na tambaye shi ko ka taɓa ba shi saƙo. Ya yi ta sosa ƙeya, ya shiga lalube, sai ga wasiƙarka a aljihun ƙofar motarsa, duk ta sha baƙin mai. Wata biyu tana zuwa Birnin Kudu tana dawowa. A tsaye na karanta ta.

Ashe tayoyin da na yi ta maka addu'a a kansu da kuɗina aka saya. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya ƙona mini rai shi ne na ce ka sama mini wadda za ta rufa mini asiri, ka je ka sayo mini wadda ta tona shi a tsakiyar titi. Wa ya ce maka shinge nake tsoro? Ni ranar irin ta shekaranjiya nake tsoro, ita na tara wa kuɗin.

Lailatu

*

Birnin Kudu, 18 ga Agusta

Zuwa ga Lailatu,

Wa alaikumus salam. Mun gode wa Allah da ya tsare ranki da na matar da kika ɗauko. Innarki tun da ta ji take kuka, ta ce a yi miki sannu. Allah ya ba wanda ya ji rauni lafiya.

Amma wasiƙarki ta yi mini zafi, kuma ba zan ɓoye ba. Ko mahaifinki, Allah ya jiƙansa, bai taɓa yi mini magana da wannan harshe ba.

Ki ɗauko wasiƙarki ta farko ki sake karantawa, tana nan a wurina. Rabinta zagin mutumin Dutse ne da tsadar kuɗinsa. Wanda ya karanta wannan me zai fahimta? Na rubuta miki dalla-dalla abin da na yi, na ce in bai yi miki ba ki faɗa. Sai ga amsarki kina godiya, kina cewa hankalinki ya kwanta ta wajen takarda. Da kika ambaci fansho na ɗauka kuɗin acaɓar da na kashe ina zirga-zirga kike nufi. Ta ina zan san Ɗanladi ya mayar da wasiƙata tsumman goge hannu? Ke kuma da kika yi karatun boko har Kano, wata biyu takarda na gabanki, me ya hana ki buɗe ki karanta?

Sannan ki tambayi duk direban da kika yarda da shi: da tsofaffin tayoyin nan ne a kan jiƙaƙƙen titi, da ba ƙafa ɗaya ake magana ba, da gawa huɗu aka kwasa har da ta cikin ciki. Takardar Dutse ba ta tsayar da mota.

Maganar cewa takardar Safiyanu ta jabu ce, ban yarda ba tukuna. Na wuce shinge ya fi dubu da irinta. Wataƙila wayar jami'in ce ba ta da sabis.

Kawunki,
Hambali

*

Gwaram, 23 ga Agusta

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku. Kafaɗa ta yi sauƙi. A ce wa Inna ta daina kuka, ganyen da ta aiko na samu.

Ka yi gaskiya a abu biyu. Ban karanta takardar ba, saboda daga hannunka ta fito, kuma wannan wautata ce. Tayoyin ma sun riƙe, ban musa ba. Amma ka je asibiti ka faɗa wa Buba haka, ka ga ko zai miƙe.

Na bincika, kuma ba wayar jami'i ba ce, ni ma na danna lambar a tawa sau uku. Babu kamfani mai wannan suna a ko'ina. Abin da ya fi ci mini rai, ashe ko ƙaramar inshora ta gaskiya, wadda doka ta wajabta wa kowa, dubu goma sha biyar ce. Ba ta gyara motata, amma da ita ce a hannuna, da akwai inda za a nema wa Buba kuɗin aiki da na babur ɗinsa. Tazarar dubu goma ce tsakanin takardar Safiyanu da ƙafar bawan Allah nan.

An yi masa aiki an sa ƙarfe. Likita ya ce wata huɗu kafin ya taka. Geronsa ya kusa isa yanka, babban ɗansa shekararsa tara. Matarsa Hapsatu tana zaune a barandar asibiti, duk ranar da na je sai ta tashi ta ba ni tabarma ta gaishe ni da ladabi. Da zagina take yi da ya fi mini sauƙi. Na sayar da awarwarona na biya aikin farko.

Ga kuma wata. 'Yan sanda sun ce wanda aka kama da takardar jabu a hannu shi zai amsa, kuma sunana ne a kanta. Labari ya kai wurin aikinmu, an ce in rubuto bayani. In aka kai ni kotu aka same ni da laifin jabu, aikina ya tafi. Sun tambaye ni sau biyu wanda ya yanko ta. Ranar farko na ce kawuna, amma ban ba su sunanka ba, kuma ba zan bayar ba. Ba zan sa a ja dattijo kamarka zuwa caji ofis ba. Ka dai sani, ba don na huce ba ne.

Lailatu

*

Birnin Kudu, 29 ga Agusta

Zuwa ga 'yata Lailatu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ina fatan kafaɗa ta warware.

Kin ce in je in faɗa wa Buba, to na je. Na same shi an ɗaure ƙafar an rataye. Na ce masa ni ne na yanko takardar. Sai da ya maimaita amsarsa sau biyu kafin na ji, don muryarsa ba ta fita. Bai zage ni ba. Cewa ya yi ƙaddara ce, shi dai tunaninsa wa zai yanke masa gero.

Daga nan na wuce bakin tasha. Safiyanu na zaune a rumfarsa yana buga hatimi. Na sa Musaddiq ya danna lambar takardarki a gabansa, sannan ya danna ta tsohuwar takardata da na taho da ita. Duk biyun babu. Na tambaye shi tsakaninsa da Allah shekara nawa yana sayar mana da iska. Ko kunya bai ji ba. Ya matso saitin kunnena na hagu ya ce, "Malam Hambali, a cikinku wa ya taɓa tambayata ta gaske? Ta wuce shinge kuke nema, ita nake ba ku."

Na ɗaga sandata, Musaddiq ya riƙe. Da na dawo gida na zauna, na ga maganar ɗan banzan nan akwai gaskiya a cikinta, kuma wannan ya fi komai ƙona ni. Na ɗauki dubban mutane a bayana da takardar da ba ta da maraba da ganyen kuka. Allah ne kawai ya rufa mini asiri, ni kuma na ɗauka gwaninta ce.

Jiya da safe na sa babbar rigata na je ofishin 'yan sanda. Na ce ni ne kawun da ake nema. Na ba da bayani cewa ni na saya, ni na sa a motar, ke ba ki sani ba, na kuma ba su wasiƙunki biyu na farko shaida. Sun zaunar da ni bayan kanta daga hantsi har la'asar, abin da ban taɓa yi ba a shekara sittin da takwas. Shugaban tasha ne ya zo ya tsaya mini. Kafin su isa rumfar Safiyanu ya kulle ya gudu.

Yanzu direbobin tasha ba sa amsa gaisuwata, wai na jawo musu bincike. Mutanen da na koya wa riƙe sitiyari. Ba su ji haushin wanda ya cuce su ba, sai wanda ya faɗa. Su ƙarata.

An ce in koma ranar Litinin, daga nan a ga ko za a kai maganar kotu. Ki kawo musu wasiƙata mai baƙin mai in sun nema. Geron Buba kuma na yi magana da 'ya'yana uku, mu za mu yanke mu ɗaure mu kai masa rumbu.

Ban iya ba da haƙuri a takarda ba. Ki ɗauka na bayar.

Kawunki,
Hambali

*

Gwaram, 30 ga Agusta

Zuwa ga Kawu Hambali,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Inna. Wannan karon a gabana Ɗanladi zai sa wasiƙar nan a aljihun rigarsa, na ce masa in ta kwana a hannunsa ni da shi ne.

Wa ya aike ka? Na ce ba zan ba da sunanka ba, sai ka ɗauki ƙafa ka kai kanka, da hawan jininka, ba ka ko karya ba, in ji Musaddiq. Wuni guda a kan benci, ana yi maka tambaya ba ka ji, babu mai maimaita maka. In da wani abu ya same ka a wurin, da wane ido zan kalli Inna? Tun da aka fara maganar nan ban ji haushinka kamar na yau ba.

Sun kira ni jiya da yamma, sun ce bayaninka ya wanke ni daga maganar jabu, saura ta haɗarin, ita kuma 'yan uwan Buba sun ce a yi sulhu. Wurin aiki ma sun karɓi bayanina. Na yanki ƙaramar inshora ta gaskiya, na danna lambar da hannuna, sunana ya fito. Na kira mutumin Dutse kan cikakkiyar, ya ce tunda yanzu na taɓa yin haɗari kuɗin ya ƙaru. Na kashe wayata kafin in faɗi abin da zan yi nadama.

Maganar gero, 'ya'yanka su yanka, kai ka zauna a inuwa ka nuna musu. Na san ciwon bayanka.

Ranar Litinin kuma kada ka kuskura ka fita kai kaɗai. Na ɗauki hutun kwana ɗaya, zan shigo motar farko, wasiƙarka mai baƙin mai na jakata. Ka jira ni a zaure. Zan zauna ta hagunka, duk abin da suka tambaya ni zan faɗa maka a kunne, kai kuma ka ba su amsa.

'Yarka,
Lailatu